Yadda ake gano zafin teku na zamanin da daga ɓawon foraminifera, mataki-mataki

Tambayar da ɗalibai masu shirin bincike a kan tsohuwar teku suka fi yi mini ita ce: idan an miƙo mini laka a cikin leda, daga ina zan fara? Littattafai sun cika da bayanin yadda ɓawon foraminifera ke riƙe labarin ruwan da ya girma a ciki, amma ba kasafai suke faɗa maka wace rariya za ka ɗauka ba, ko ɓawo nawa za ka tsinta, ko a wane mataki ne aiki ya fi lalacewa.

Foraminifera, ko foram a bakin masu aikin, halitta ce mai ƙwayar rai guda da ke gina ɓawon kalsiyam kabonet, yawancinsu ba su wuce girman ƙwayar yashi ba. Wasu suna yawo a ruwan sama, wasu suna zaune a ƙasan teku. Idan sun mutu ɓawon ya nutse, laka ta binne shi. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, na'urar awo za ta ba ka lamba a kan duk abin da ka zuba mata, mai kyau ko gurɓatacce. Ingancin lambar nan yana hannun wanda ya yi wanki da tsinta, wato matakan da suka fi arha kuma aka fi rainawa.

Kayan aiki da inda kuɗin ke tafiya

Kana buƙatar rariyoyin ƙarfe masu ido maikuron 63, 150, 250 da 355 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), da ma'auni mai kama ƙasa da miligiram ɗaya, da na'urar busarwa, da tataccen ruwa marar ma'adinai, da ƙaramin marabi mai raba samfur gida biyu daidai, da baƙin tiren tsinta mai layuka, da siririn buroshi lamba 000, da madubin ƙara girma mai ido biyu. Madubin ne mai tsada a cikinsu, sauran duk ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje zai iya mallaka.

Na'urorin awon sinadarai kuwa ba sai ka mallake su ba, aikawa ake yi ana biya bisa kowane samfur. Awon shekaru na kabon-14 shi ke cin kasafi: samfur ɗaya na iya cin kuɗin awon aisotof goma ko fiye (aisotof su ne nau'o'in sinadari ɗaya da suka bambanta a nauyi). Abin da kuma ake mantawa a sa cikin lissafi shi ne lokacin zama gaban madubi, wanda ya fi duk sauran matakan tsawo.

1. Tsayar da tambayarka, sannan ka zaɓi sandar laka

Sandar laka ita ce doguwar lakar da aka ciro da bututu daga ƙasan teku, sabuwar laka a sama, tsohuwa a ƙasa. Kafin ka zaɓa, rubuta tambayarka a layi ɗaya: zafin ruwan sama kake nema ko na zurfi, kuma a wane tsakanin shekaru?

Abu na farko da za ka duba shi ne zurfin ruwan da aka ciro ta. Ruwa mai zurfi da sanyi yana narkar da kabonet, kuma akwai iyakar da bayanta ɓawo ba ya saura kwata-kwata, wajen mita 5,000 a Tekun Atlantika, a yawancin Fasifik kuma ƙasa da haka, wajen mita 4,500. Narkewar tana farawa tun kafin a kai wannan iyaka, don haka ka nemi wurin da ya yi mata nisa sosai.

Na biyu shi ne saurin taruwar laka. A tsakiyar teku sau da yawa santimita 1 zuwa 3 ne kawai ke taruwa cikin shekara dubu, kuma tsutsotsi da sauran halittun ƙasan teku suna cakuɗa santimita 5 zuwa 10 na sama. Yi lissafin da kanka: inda ake tara santimita 2 a shekara dubu, cakuɗar santimita 10 ta haɗe maka shekara 5,000 wuri guda. Irin wannan sanda ta isa nazarin zuwa da tafiyar zamunan ƙanƙara, amma ba za ta nuna sauyin da ya faru cikin ƙarni biyu ba ko da ka yanka ta siriri-siriri. Don irin wannan sai ka nemi wurin da ke tara santimita 10 ko fiye.

Gargaɗi: karanta bayanin sandar da hotunanta. Idan ka ga shimfiɗar yashi mai kaifin gindi, manyan ƙwayoyi a ƙasa ƙanana a sama, zaftarewar laka ce ta kawo ta daga tudu cikin 'yan sa'o'i, da ɓawon wani wuri da wani zamani. Tsallake ta.

2. Nemi samfur

Ba sai ka hau jirgin ruwa ba. Sandunan da shirye-shiryen haƙar teku na ƙasa da ƙasa suka tara, da yawa daga jirgin JOIDES Resolution wanda ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 2024, suna ajiye a rumbuna uku: Bremen a Jamus, wanda ke riƙe na Atlantika da Bahar Rum, da na Jami'ar Texas A&M a Amurka, da na Kochi a Japan. Mai bincike yana cike takardar buƙata ta intanet, kuma ba sayar da samfurin ake yi ba. Sabbin sanduna dai sai an jira wa'adin shekara guda da ake ba waɗanda suka yi tafiyar.

Kowace sanda an tsaga ta biyu a tsaye, rabi na aiki, rabi na ajiya da ba a taɓawa, ana adana su a sanyin wajen digiri 4. Samfur mai cin santimita kubik 10 yakan isa a laka mai yawan ɓawo. Idan yumɓu ya yi yawa, ko kana son foram na ƙasan teku waɗanda ba su da yawa, nemi 20.

Shawarata ita ce ka nema sau biyu. Da farko ka ɗauki samfura jefi-jefi a tsawon sandar, ka wanke, ka ga ko akwai ɓawo mai lafiya kuma ka sami ƙwarya-ƙwaryar shekaru. Bayan nan ne za ka san inda ya cancanci a ɗiba kusa da kusa. Wanda ya nemi samfur 400 a karo guda kafin ya leƙa ko ɗaya, sau da yawa rabinsu a kabad suke ƙarewa.

Gargaɗi: rubuta cikakkiyar lambar kowane samfur kamar yadda rumbun ya bayar, da wuri da rami da sanda da sashe da santimita. Tsakanin sanda da sanda a rami ɗaya akwai giɓi, shi ya sa ake haƙa ramuka biyu ko uku a haɗa su su zama ma'aunin zurfi guda. Yi amfani da wannan haɗaɗɗen ma'auni, kada ka gauraya shi da zurfin rami ɗaya.

3. Busarwa da wanki

Busar da samfurin, ka auna nauyinsa, ka rubuta. Busarwa ta daskarewa ta fi, domin laka tana warwarewa cikin sauƙi bayanta. Idan na'urar zafi ce, kada ta wuce digiri 50.

Jiƙa shi a tataccen ruwa na dare guda, ana ɗan girgizawa. Idan yumɓu ya ƙi saki, ana ƙara ɗan sinadarin sodiyam hekzametafosfet, amma idan za ka yi awon ma'adinan cikin ɓawo, fara gwada ruwa zalla. Zuba a rariyar maikuron 63, ka wanke da feshin ruwa mai laushi har sai ruwan da ke fita ta ƙasa ya yi garau. Kada ka murza da yatsa. Ɓawon da ya fi siriri shi zai fara fashewa, ka wayi gari ka canza yawan jinsunan da ke cikin samfurin da hannunka. Tattara abin da ya rage a takardar taciya, ka busar, ka sake aunawa. Lakar da ta wuce ta ƙasa ma a tare ta a ajiye, akwai ƙananan halittun da wani zai nema a ciki.

Gargaɗi: ɓawo yana maƙalewa a idon rariya ya faɗa cikin samfur na gaba. Wanke rariyar da buroshi ko a kwanon girgiza da sauti bayan kowane samfur. Wasu suna tsoma ta a shuɗin rini na metilin, yadda duk ɓawon da ya maƙale zai rine a gane baƙo ne.

4. Tankaɗe, rabawa da duba lafiyar ɓawo

Tankaɗe busasshen samfurin a rariyar maikuron 150. A yankunan sanyi kusa da ƙanƙara, inda foram ke da ƙanƙanta, wasu suna sauka zuwa 125. Wanda ka zaɓa, tsaya a kansa daga farkon sanda har ƙarshe, kuma ya dace da girman da aka yi amfani da shi a bayanan da za ka kwatanta da su.

Zuba a marabi, ka raba biyu, ka sake raba rabin, har ka sami kashin da ke da ɓawo aƙalla 300. Rubuta sau nawa ka raba. Kada ka ɗiba da cokali daga kwalba, domin girgiza tana ware manya daga ƙanana.

Kafin ƙirge, dubi lafiyar ɓawon. Mai lafiya yana da sumul, wani lokaci har haske na ratsa shi. Wanda narkewa ta taɓa yana yin fari kamar alli, da ramuka da fasassun ɗakuna. Ƙirga gutsattsari ka kwatanta da cikakku. Inda gutsattsari suka yi yawa, jinsuna masu laushin ɓawo, waɗanda da yawansu na ruwan ɗumi ne, su ne suka fara ɓacewa, sai samfurin ya yi kama da na ruwan sanyi alhali ba haka ba ne.

5. Ƙirga jinsuna

Baza kashin a tire, shimfiɗa ɗaya ba tare da wani ya hau wani ba, ka bi layi-layi ka ƙirga kowa, har da munana da waɗanda ba ka gane ba. Jinsunan foram masu yawo a ruwan sama da ke raye yau wajen hamsin ne, don haka aikin mai koyuwa ne. Shafin Mikrotax yana da hotuna da bayanin kowanne. Fara da manyan alamu: Neogloboquadrina pachyderma mai naɗewa hagu ita ce ta ruwan kusa da ƙanƙara, Globigerina bulloides tana yawa a ruwa mai sanyi-sanyi da inda ruwan ƙasa ke tasowa sama, Globigerinoides ruber da Trilobatus sacculifer da Globorotalia menardii na ruwan ɗumi ne.

Me ya sa 300? Idan jinsi ya kai kashi 10 cikin ɗari a ƙirgen 300, gaskiyar tana iya kasancewa sama ko ƙasa da haka da wajen maki 3. Saboda haka tashi daga kashi 10 zuwa 12 ba labari ba ne.

Don mayar da ƙirge zuwa digiri, ana kwatanta kowane samfur da tarin samfuran saman lakar teku na yau, kamar na ForCenS, a nemo waɗanda suka fi kama da shi a ɗauki zafin ruwan wurarensu. Duba ma'aunin kamannin da manhajar ta bayar. Idan babu mai kama da samfurinka a tekun yau, manhajar za ta fitar da lamba duk da haka, kuma lambar ba abin dogaro ba ce.

6. Tsinta don awon sinadarai

A nan ne zan fi daɗewa, domin a nan aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci, tun ran gini tun ran zane.

Jinsi ɗaya, girma ɗaya, siffa ɗaya. Kowane jinsi yana zaune a nasa zurfin kuma yana yawa a nasa lokacin na shekara, ƙanana da manya a jinsi guda ma sinadarinsu ya bambanta. Don ruwan sama a yankin ɗumi, G. ruber fara ce aka fi ɗauka, a tsakanin maikuron 250 da 355. Kada ka haɗa ta da mai ruwan hoda, kuma ka ware mai dunƙulalliyar siffa daga mai matsattsen ɗakin ƙarshe, domin ba lallai ne su zauna a zurfi ɗaya ba. Idan T. sacculifer ce, yawancin masu aikin suna barin waɗanda ɗakinsu na ƙarshe ya yi kamar jaka. Don ruwan ƙasa, Cibicidoides wuellerstorfi da ke zaune a kan laka ita ce zaɓin farko, musamman idan kana son aisotof na kabon. Uvigerina tana zaune a cikin laka ne, tana da kyau ga oksijin amma kabon ɗinta na ruwan cikin laka ne.

Ɗan jiƙa bakin buroshi da tataccen ruwa, ka taɓa ɓawon ya manne, ka sauke a ƙaramar kwalba ko faifan tsinta. Ba da miyau ba, kuma ba a faifan da aka shafa wa gam ba. Bar duk wanda cikinsa ya cika da laka ko baƙin ma'adini, da wanda ya yi launi dabam da 'yan'uwansa. Tsinci 30 zuwa 40 daga kowane samfur. Foram ta ruwan sama 'yan makonni kawai take rayuwa, don haka ɓawo biyar labarai biyar ne na 'yan makonni da aka tsinto daga ɗaruruwan shekaru; yawa ne ke ba ka matsakaici. Ka danne su a hankali tsakanin gilasai biyu har ɗakunan su buɗe, ka gauraya, ka raba biyu, kashi ɗaya na oksijin, ɗaya na maganiziyam. Wannan rabon yana da muhimmanci a mataki na 9.

Idan ido ya gaji, tashi. Mutumin da ya daɗe a kan madubi yakan fara karɓar ɓawon da da safe zai ƙi, shi kuma bai sani ba.

7. Sa wa laka shekaru

Don shekaru 50,000 na baya-bayan nan, kabon-14 ne. Tsinci jinsi ɗaya na ruwan sama, miligiram kaɗan, wanda ke nufin ɗaruruwan ɓawo. Tambayi ɗakin gwajin mafi ƙarancin nauyin da suke karɓa. Ɗauka daga inda jinsin ya fi yawa a sandar, don rage ɓarnar cakuɗa. Ruwan teku yana ɗauke da tsohon kabon, don haka ɓawo yana nuna ya girmi shekarunsa da ɗaruruwan shekaru. Gyara da ma'aunin Marine20 na 2020, mai mayar da shekarun kabon-14 zuwa na kalanda, tare da gyaran yankinka, kuma gyaran yankin ya zama wanda aka lissafa don Marine20, domin na tsohon ma'auni ba ya shiga. Manhajoji irin su Bacon da Bchron suna zana layin shekaru da zurfi tare da iyakar kuskure.

Abin da ya wuce haka, ana auna aisotof na oksijin a foram na ƙasan teku a jera shi da ma'aunin LR04, wanda Lisiecki da Raymo suka haɗa a 2005 daga wurare 57, ya kai shekara miliyan 5.3. Nemi alamun da ba su dogara da wannan jerawa ba don tabbatarwa: tokar aman dutsen Toba ta wajen shekara 74,000, ɓacewar G. ruber mai ruwan hoda daga Tekun Indiya da Fasifik wajen shekara 120,000, juyewar maganaɗisun duniya wajen shekara 780,000.

Gargaɗi: idan ka jera sandarka da LR04, ba ka da hurumin cewa sauyin da ke sandarka ya riga na LR04 ko ya biyo bayansa. Kai ne ka daidaita su da hannunka. Kuma kada ka ɗauka saman sanda shekara sifili ne, bututun haƙa yakan zubar da saman ko ya dagula shi.

8. Awon oksijin da maganiziyam

Na oksijin ya fi sauƙi. Ɗauraye gutsattsarin da ruwa da metanol, ka busar, ka aika. Ana narkar da su a asid ɗin fosforik a auna iskar da ta fita, a ba ka sakamako a kashi cikin dubu bisa ma'aunin VPDB, wato ma'aunin kabonet da ake kwatanta kowane samfur da shi. Duk ƙarin digiri 4 zuwa 5 na zafi yana rage lambar da wajen 1. Sai dai yawan ƙanƙarar duniya da gishirin ruwa su ma suna motsa ta. Ka maimaita samfur ɗaya cikin kowane goma don ka san iyakar kuskurenka.

Maganiziyam shi ke ware zafi shi kaɗai: yawansa bisa kalsiyam yana ƙaruwa da wajen kashi 9 cikin ɗari a kowane digiri. Wankinsa kuwa sai an yi haƙuri. Bisa tsarin Barker da abokan aikinsa na 2003, ana cire yumɓu da ɗauraya sau da yawa a ruwa da metanol cikin kwanon girgiza da sauti, a ƙone ragowar naman halitta da haidurojin feroksaid mai zafi, a tsince baƙin ƙwayoyi a madubi, sannan a yi ɗan wanki da asid mai rauni ƙwarai kafin narkarwa. Yumɓu yana da maganiziyam mai yawa, ɗan kaɗan da ya saura zai ɗaga maka zafin teku. Saboda haka ka sa a auna alminiyam da ƙarfe da manganis tare. Samfurin da suka yi sama a cikinsa, ajiye shi gefe.

Da lissafin Anand na 2003, wanda aka gina a kan ɓawon Tekun Sargasso, Mg/Ca, wato yawan maganiziyam bisa kalsiyam, daidai yake da 0.38 sau e^(0.09 × zafi). Sakamakon 4.0 yana ba da wajen digiri 26, na 3.0 kuma wajen 23.

Gargaɗi: akwai wani tsarin wanki da ke ƙara matakin haidurazin, wanda ke rage maganiziyam da wajen kashi 10 cikin ɗari, wato kusan digiri guda. Lissafin da za ka ɗauka ya zama na irin wankin da ka yi, kuma na jinsinka da girmanka idan akwai. Narkewa a zurfin teku ita ma tana rage maganiziyam, shi ya sa ƙirgen gutsattsari na mataki na 4 zai sake yi maka amfani a nan.

9. Haɗa sakamako

Fara da gwajin saman sanda: zafin da ka samu a samfurin da ya fi sabunta ya yi kusa da zafin ruwan wurin a yau, a zurfi da lokacin da jinsinka ke rayuwa? Idan ya kauce da digiri uku, koma baya ka nemo dalili kafin ka fassara sauran. Gwaji na biyu shi ne ƙololuwar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, wajen shekara 21,000 da suka wuce, lokacin da teku ta ja ƙasa da wajen mita 120. A LR04 bambancin lokacin da yau ya kusa 1.8, kuma wajen 1.0 daga ciki na ƙanƙara ne. Idan naka ya yi ƙasa da haka sosai, zargi cakuɗar laka.

Tunda tsinta ɗaya ka raba biyu, za ka iya sa zafin maganiziyam cikin lissafin oksijin ka fitar da aisotof na ruwan kansa, ka cire rabon ƙanƙara, abin da ya saura ya nuna ko ruwan ya ƙara gishiri ko ya ragu. Kada ka manta gyaran 0.27 tsakanin ma'aunin kabonet da na ruwa, haka kuma ana ƙara wa Cibicidoides 0.64 idan za a jera ta da Uvigerina. Kurakuran duk matakan suna taruwa a wannan lissafi, don haka ni ina ganin ya fi gaskiya a ce gishiri ya ƙaru ko ya ragu, maimakon a yanka masa lamba.

A kowane zane, nuna iyakar kuskure ta zafi, wadda ba ta cika gaza digiri 1 ba, da ta shekaru. Inda ƙirgen jinsuna da maganiziyam suka saɓa, kada ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi ka ɓoye ɗayan. Sau da yawa ɗaya yana magana ne a kan wani lokacin shekara ko wani zurfi dabam, kuma saɓanin kansa sakamako ne. Ɗora ɗanyen bayananka a rumbun PANGAEA ko na NOAA, da zurfi, da jinsi, da girma, da adadin ɓawo, da tsarin wanki, da lambobin kabon-14 kafin gyara, domin duk ranar da ma'aunin gyaran ya canza wani ya iya sake lissafin. Ragowar wankakken samfur kuma ka zuba a kwalba mai lamba, ka tambayi rumbun ko suna son a mayar musu.